Daga Gonar Auduga Zuwa Rigar Makaranta: Rabon Malamin Firamare a Koyar da Sana'ar Tufafi

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba



An saba a irin wannan taro mu yi magana a kan albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho. Waɗanda suka riga ni sun yi ta, kuma sun yi daidai. Ni kwamiti ya ɗora mini wani batu dabam, watau koyar da sana'ar tufafi: yadda ake sarrafa auduga ta zama zare, zare ya zama yadi, yadi ya zama suturar da za a kai kasuwa. Wani zai ce ina ruwan malamin firamare da wannan? Ruwansa shi ne, mafi yawan yaran da muke kiran sunayensu kowace safiya ba za su shiga jami'a ba, kuma ko waɗanda za su shiga ba aikin ofis ne ke jiran dukansu ba. Da yawa a cikinsu, har da 'ya'yan cikinmu, a shagon tela ko marina ko rumfar yadi za su nemi abin sa wa a baka. Ko za su zama masu sana'a da ke cin gashin kansu, ko kuwa yaran shago har tsufa, wannan yana fara rabuwa ne tun daga ajinmu.

Bari mu fara da tuna abin da ƙasar nan ta mallaka. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya tarar ana kai saƙar Kano da rininta har Tumbutu da Gat da Murzuk da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa kowace shekara ya kai na wuri miliyan 300. Ya lura kuma da cewa a cikin gidaje ake wannan aiki, iyali suna ci daga gare shi ba tare da sun bar muhallinsu ba. Marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita suke danganta kafuwarta da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana nan har yau. Kura kuwa ita ta ba ɗan Kura sunansa, kuma har gobe Buzayen Agadas suna neman turkuɗinta don rawani.

Abin da nake so mu lura da shi a nan shi ne yawan hannuwan da riga ɗaya take bi. Manomi ya shuka auduga da damina, ya tsince ta da kaka. Mata suka gurza ta da magurji suka raba ta da angurya, suka yi shiɓa, sa'an nan suka kaɗa da mazari, wannan zare siriri, wancan abawa. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna da allera da ƙoshiya ya fitar da siraran sawaye. Maɗinki ya haɗa su. Marini ya haɗa baba da toka da katsi a rijiyar rini, ya bar ta kwanaki tana nuna yana motsa ta da muciya, ya tsoma zane ya fitar, ya sake tsomawa. Mabugi ya ɗora shi a kan gungume, ya sa shuni, ya buga har ya yi ƙyalli. Kowane mataki da malaminsa da almajirinsa, kuma kowane ya san abin da na gaba da shi yake bukata. Mai kaɗi ta san idan zarenta ya yi ƙulli, masaƙi zai dawo mata da shi. Makaranta ce babba, sai dai ba ta da allo ba ta da littafi. Iliminta a ka yake da hannu, shi ya sa duk tsohon da ya mutu bai yaye almajiri ba, ya tafi da nasa.

Daga baya zamanin injuna ya zo. Turawa suka kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau don su kai ta masaƙun Ingila. A 1957, a ƙarƙashin gwamnatin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, domin a riƙa saƙa audugarmu a gida. Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, Kakuri ta cika ta batse, Kano ta sami nata a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, haka Funtuwa da Gusau. Zuwa shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura 100. Ƙungiyar ma'aikatansu, mai hedikwata a Kaduna, ta yi ƙarfin da har ta fitar da Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, ya zo ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa a 1999. Yadda abin ya ƙare kuwa kowa ya sani: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, faɗuwar darajar naira daga 1986 wadda ta sa kayan gyara suka gagara, tsufan injuna, da kwararowar yadin waje ta halal da ta fasa-ƙwauri. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Yau ka shiga Kantin Kwari, kasuwar da ake zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, ka ƙirga yadin da aka saƙa a ƙasar nan, za ka ga bai taka kara ya karya ba.

Idan ana wannan jimami, albashin da aka rasa ake lissafawa. Ni a matsayina na malami akwai wata asarar da ta fi damuna. Masaƙa ita ma makaranta ce. A can ne matashi ya koyi cewa zare yana da lamba, rini yana da ma'auni, kowane bandir sai an duba shi kafin ya fita. Da ƙofofin suka rufe, wannan makaranta ta rufe, alhali ta gargajiya ta riga ta yi rauni. Muka tashi babu tsuntsu babu tarko.

To, me makarantar boko ta yi? A takarda ta yi da yawa. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a farkon shekarun 1980 an gina shi ne a kan cewa yaro zai taɓa sana'a a ƙaramar sakandare. Iyayenmu da ke zaune a nan sun ga akwatunan injuna da aka sayo daga waje, waɗanda da yawa suka ruɓe ba a buɗe ba, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. A 2011 aka shigar da sana'o'i 34 cikin manhajar babbar sakandare, har da ɗinki da rini da sana'ar yadi. A 2025 aka sake duba manhajar aka rage su zuwa 6, ɗinki da tsara sutura na ciki. Muna da hukumar NBTE a Kaduna tun 1977, da hukumar jarrabawa ta NABTEB tun 1992, da asusun ITF tun 1971. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna koyar da ilimin saƙa, cibiyar bincike ta Samaru tana fitar da irin auduga, ga kwalejojin horar da malaman fasaha a Bichi da Gusau. Hukumomi dai ba mu rasa ba.

Amma ku dubi abin da ke isowa unguwanninmu da sunan koyar da sana'a. A tara matasa mako uku, a nuna musu taka keke, a ɗauki hoto, a raba kekunan ɗinki, bayan wata ɗaya ka tarar da rabinsu a kasuwa ana ciniki. Wanda ma ya dage ya buɗe shago, sai ya tarar layinsu akwai teloli goma, duka suna jiran ɗinkin Sallah. Daga cikin dogon jerin matakan da na ambata, na ƙarshe kaɗai muka riƙe, shi ma a kan yadin wasu. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ga abin da na zo in faɗa. Hannun mutanenmu bai taɓa rasa gwaninta ba. Duk wanda ya ga aska takwas a wuyan babbar riga, ko hular da wata baiwar Allah ta ɗinka a tsakar gidanta, ya san haka. Abin da ke hana wannan gwaninta zama masana'anta shi ne rashin iya maimaita abu ɗaya sau ɗari ya fito iri ɗaya, da rashin sanin abin da aka kashe kafin a yanka farashi. Wannan kuwa abubuwa huɗu yake bukata: awo, rubutawa, gwaji da lissafi. Dukansu huɗun kayan aikin malamin firamare ne.

Mu ɗauki awo. Kakanninmu da kamu da taƙi suke auna zane, kuma ya wadatar da su, domin mai saye yana tsaye a gabansu. Amma kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. Ranar da wata makaranta za ta ce tana son riguna 600, ko wani ɗan kasuwa a Legas ya aiko da saƙo ta waya yana son zannuwan gado 200, ba abin da zai yi aiki sai tef. Yadi ɗaya inci 36 ne, watau santimita 91 da ɗan ɗoriya. Yaron da ya bar aji shida bai iya karanta rabi da kwata a jikin tef ba, zai yi shekara biyu a shago yana guga da sa maɓalli, maigida bai yarda ya ba shi almakashi ba.

Sai rubutawa. Marini yakan haɗa launi ya fito da kyau, mai kaya ya dawo bayan wata biyu ya ce a ƙara masa irinsa, sai a yi ta kame-kame, domin ba a rubuta yawan ruwa da nauyin garin rini da tsawon lokacin da yadin ya yi a ciki ba. Littafi ɗan naira kaɗan da ƙyallen samfuri a manne a gefen kowane shafi ya isa ya raba wannan gardama. Ta haka ne kuma ake ƙirƙiro sabon abu: ka canza abu ɗaya, ka rubuta, ka ga abin da ya fito. Rinin baba ba lalle sai a rawani da zane ba. Yana shiga labule da rigar matashin kai da jakar makaranta. Wanda ba ya rubutu, ko ya dace da sabon launi, sa'a ce, ba zai iya kiranta ta dawo ba.

Na uku gwaji. Yadi yana raguwa bayan wanki, rini yana zuba, rana tana koɗar da launi. Mai sana'ar da bai gwada kayansa ba, mai saye ne zai gwada masa, kuma ba zai dawo ya ba shi sakamako ba, sai dai ya canza shago. Akwai misalin da ke nuna yadda jahiltar mataki na gaba ke jawo asara. Idan aka zuba auduga a buhun leda irin na taki, siraran zaren ledar sukan shiga cikinta, injin gurza ba ya raba su, su bi ta har cikin yadi. Leda kuwa ba ta shan rinin auduga, sai yadin ya fito da fararen layuka. Wannan na cikin abin da ya rage wa audugarmu daraja a wajen masu saye. Manomin bai yi da mugunta ba. Ba a taɓa nuna masa inda audugarsa take zuwa ba.

Na huɗu lissafi. A ƙaddara tela ya sayi yadi biyu a kan naira 4,000, zare da maɓalli 400, gawayin guga da man keke 300. Ya kashe 4,700, ya sayar 5,500, ya tafi gida yana murna ya ci 800. To, a ce kowace riga tana cin awa huɗu, kuma a cikin goma ɗaya takan lalace ko a dawo da ita. Riguna goma sun ci 47,000, tara da aka sayar sun kawo 49,500. Ribar aikin awa 40 ke nan naira 2,500, ba a cire kuɗin haya ba. Mutum yana aiki dare da rana, jarinsa yana narkewa, yana cewa an yi masa baki. Haka 'yan matanmu masu ɗinkin hula: wadda ba ta iya lissafa zarenta da kwanakinta ba, abin da dillali ya yanka mata shi za ta karɓa.

Yanzu me za mu iya yi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba? Ba ina kira a ƙara mana darasi ba ne. Lissafi da kimiyya da fasahar gargajiya da darussan share fagen sana'a duk suna cikin jadawalinmu. Abin da za mu canza shi ne misalan da muke kawowa. Ga kaɗan da na ga suna aiki a aji biyar da shida.

A yanka ƙyalle santimita 10 tsawo da faɗi, a wanke, a shanya, a sake aunawa. Idan ya koma 9 da rabi, kashi nawa cikin ɗari ya ragu? Darasin kaso ke nan, kuma ba za su manta ba. A rufe rabin ƙyalle mai launi da kwali a bar shi a rana mako guda, a buɗe a kwatanta. A goga farin ƙyalle mai danshi a kan rinanne a ga ko ya zuba. Malami da kansa, ba yara ba, ya ƙona zaren auduga da na roba: na auduga zai yi warin takarda ya bar toka mai laushi, na roba zai narke ya dunƙule. A tsattsaga gefen kwali a ɗaura zaren tsaye, yara su saƙa na kwance, su gane da hannunsu yadda yadi yake samuwa. A yi rini da ɓawon albasa da gangamau da karan dafi, kowane rukuni ya rubuta abin da ya zuba. A shuka kunya biyu ta auduga a lambun makaranta, a tsince, a auna ta kafin gurza da bayanta, su ga cewa wajen sulusi ne kawai ke zama abin kaɗi, saura angurya ce, ita ma ana matse mai a cikinta a ba dabbobi tunkuzarta. Sa'an nan yara su auna juna, mata su auna mata, maza su auna maza, a jera alƙaluman a allo, a ga aji zai rabu gida nawa: ƙarami, matsakaici, babba. Da haka kamfanonin da ke cika mana kasuwa da ɗinkakkun kaya suke aiki, suna ɗinka wa mutumin da ba su taɓa gani ba.

Inda hali ya yi, a kai yara marina su ga zane ya fito daga rijiya kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu. Babu bayanin aikin iska da zai kai wannan shiga kai. A can kuma za a nuna musu dalilin da ya sa masu rinin zamani suke bukatar safar hannu da takunkumi saboda soda da sauran sinadarai masu ƙuna, da illar zubar da ruwan rini a kwatar unguwa.

Na san abin da wasunmu suke faɗa a zuci: mutum ɗaya da yara ɗari a aji, wasu a ƙasa suke zaune, albashi ba ya kai tsakiyar wata, sa'an nan a ce ya nemo ƙyalle da tef? Gaskiya ne, kuma ba zan ce nauyin ba nauyi ba ne. Sai dai ƙyallen nan telolin unguwa zubar da shi suke yi, kwali yana bayan kowane kanti, tef biyar sun isa aji. Akwai kuma iyayen da za su ce ba su kawo ɗansu boko don ya zama marini ba. Su ma suna da hujja, domin sun ga yadda masu sana'ar suka tsufa cikin wahala. Amsarmu gare su ita ce, yaron da ya iya awo da gwaji da rubuta sakamako, ko likita zai zama ya sami tushe. Wajibi ne kuma mu tsare iyaka: koyarwa muke yi, ba za mu mai da yara leburori ba, kuma ba za mu yarda a cire yaro daga aji a kai shi shago da sunan koyon sana'a ba. Shago bayan an tashi, aji da safe.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshe su duba abubuwa huɗu. Na ɗaya, a shirya wa malamai bita ta kwana biyu a lokacin hutu, a gayyato malaman kwalejin fasaha tare da marina da masaƙa da teloli na wannan yanki, su zauna a teburi ɗaya. Na biyu, mu nemi hukumar ilimi ta amince a riƙa gayyato tsofaffin ma'aikatan masaƙa da masu sana'ar gargajiya cikin aji, a ba su ɗan abin goro. Suna nan a unguwanninmu, wasu suna gadi, wasu suna zaune, da ilimin shekara talatin a kansu. Na uku, mu sa baki a batun rigar makaranta. Makaranta mai yara 600, idan kowane zai ci yadi biyu da rabi, yadi 1,500 ke nan. Tun 2017 akwai Umarnin Zartarwa mai lamba 003 da ya ce hukumomin tarayya su fifita kayan gida, kuma kayan sarki na cikin abin da ya ambata. Me zai hana jiha da ƙaramar hukuma da kwamitocin makarantu su bi wannan sawu, a ba ƙungiyoyin telolinmu aikin bisa sharaɗin awo da inganci a rubuce, su kuma su ɗauki tsofaffin ɗalibanmu? Na huɗu, asusun taimakon juna na reshe ya duba yiwuwar tallafa wa 'ya'yan mambobi da ke son shiga kwalejin fasaha, kamar yadda muke murna da wanda ya sami jami'a. Idan mu malamai muka raina wannan hanya ga 'ya'yanmu, babu uban da zai saurare mu a kan nasa.

'Yan'uwa, dawo da masaƙun Kakuri da Sharaɗa ba a hannunmu yake ba; wannan sai wuta da jari da tsare iyakoki. Amma ko gobe aka kunna injunan, mutane za su nema waɗanda suka iya karanta ma'auni, suka saba rubuta abin da suka yi. Idan kuma ba a kunna ba, irin waɗannan mutanen ne za su iya haɗa keke goma a ɗaki ɗaya su karɓi aikin da tela ɗaya ba zai iya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran suna gabanmu yanzu, shekarunsu goma, sha ɗaya, kuma ranar Litinin za su dawo.

Allah ya sa albarka a aikinmu, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya shirya mana zuriya.